Takalmin Yusimí Ya Sha Duka

Ranar da Yusimí za ta jagoranci rawar bale, wadda ake yi kan yatsun ƙafa, a babban ɗakin wasan birnin Havana, kakarta Eneida ta kutsa ɗakin shiri tana haki don murna. Sai ta tarar jikar tana maka sabon takalmin rawa da bango.

"Ke! Kin haukace? Ke da kika koyi tsayuwa kan yatsu da gwangwanin madara a ƙafa, yau kin samu na siliki kina duka?"

Yusimí ta ƙyalƙyale da dariya. "Kaka, in bai sha duka ba, ƙwas-ƙwas zai riƙa yi ya danne kiɗan."

Eneida ta naɗe hannun riga. "Miƙo ɗayan! Shekara ashirin ina jiran ranar nan, takalmi bai isa ya ɓata min ita ba!"