Likitar Tungar Surajo

Dutsen da ke bayan Tungar Surajo ya fara zafi, amma Yasira ba ta sauko ba. Nan ne kaɗai sabis yake tsayawa a duk tsibirin, shi ma sai ta juya wayar wajen Wara. Ta naɗe mayafinta ta zauna a kai, ta ƙanƙance ido saboda hasken da tafkin ke watso mata, tana karanta tambayar ƙarshe: a wane ɓangare na cinya ake yi wa jariri allura? Ta taɓa amsar da babban yatsa. Wayar ta ɗan yi jinkiri, sannan ta nuna kore, ta sanar da ita ta ci jarrabawar aikin hannu.

Ta dubi yatsan nan nata. Bai taɓa danna sirinji ba.

Shekararta ta biyu ke nan a wata kwalejin kiwon lafiya mai zaman kanta a Yauri. Da farko a aji suke zama kamar kowa. Sai kwalejin ta kafa ƙaton allo a bakin titi, da hoton wata budurwa tana murmushi riƙe da waya, aka rubuta Sabon Tsarin Koyo. Aka ce zamani ya wuce benci da alli. Malamai suka koma turo darasi ta waya, wani daga Birnin Kebbi, wani daga Kontagora, kowa inda yake da wani aikin. Yasira ta yi murna da gaske. Ta dawo gida tana taya mahaifiyarta, Inna Tabawa, bandar kifi, tana sauraren darasi yadda ta ga dama, inda ba ta gane ba ta mayar baya. Abin da ba ta zata ba shi ne har aikin hannun ma a waya za a yi shi. An yi musu alkawarin tura su asibiti bayan hutu. Hutu ya wuce, aka ce sai bayan damina.

Da ta sauko, ta tarar da baƙuwa a gindin murhun banda. Inna Rahila ce, ƙawar mahaifiyarta tun suna 'yan mata, mutuniyar ƙauyen kan tudu. Duk ranar kasuwar Wara sai ta ƙetaro da daddawa da dawa, ta koma da kwandon karfasa. Ita ba ta iya iyo ba, kuma ba ta ɓoye tsoron ruwa, amma ba ta taɓa fashi ba.

"Ga likitarmu ta sauko daga makaranta," in ji Rahila tana dariya. "Ƙawa, ke dai kin huta. Makarantar ɗiyarki ga ta nan bisa dutse."

"Ina wuni, Inna Rahila. Ya mutanen gida?"

"Lahiya lau. Zo nan ki duba mini wuyan hannun ga, kwana biyu kaina na sarawa. Ko jini ne ya hau?"

Yasira ta kama wuyan hannunta kamar yadda ta gani a hoto. Ta lalubi jijiya, ta rasa, ta sake lalube. Fatar matar tana da ɗumi, tana ƙanshin daddawa da hayaƙi.

"Gara ki je asibiti a auna ki da abin awo, Inna."

"Kin ji ko?" Rahila ta juya ga Tabawa cike da alfahari. "Haka manyan likitoci ke magana."

Inna Tabawa ta juya kifi a kan ragar banda, murmushinta ya kai har kunne.

* * *

Ranar kasuwa ta zagayo da hantsi mai kyau, ruwa kwance kamar an shimfiɗa tabarma. Yasira tana wanke kwanduna a bakin ruwa lokacin da jirgin Wara ya doso, cike da mata da buhuna har bakinsa na shafar ruwa. Saura kaɗan ya iso sai ya daki kututturen da ke ɓoye a ƙasa. Bai yi wata ƙara ba. Ya karkata kawai, ya zubar da abin da ke cikinsa.

Masunta suka faɗa ruwa da rigunansu. Wurin ba nisa, aka yi ta fito da mutane suna tari suna salati. Rahila aka fito da ita daga ƙarshe, zanenta ya naɗe mata ƙafafu. Aka shimfiɗe ta a kan yashi, ba ta motsi.

"Ku kira Yasira! Ku ba likita wuri!"

Mutane suka dare. Ta durƙusa, gwiwoyinta suka nutse cikin jiƙaƙƙen yashi. Ta san darasin. Ta ci jarrabawarsa ba kuskure ko ɗaya, har shugaban sashe ya yaba mata a zauren waya na ajinsu. A kwantar da mutum rigingine, a buɗe hanyar iska, a hura masa numfashi, a ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirji, a danna. Kalmomin suna nan a jere cikin kanta, tsaf.

Ta hura. Ta ɗora hannuwanta. Sai ta ji ƙashi a ƙarƙashin tafinta, siriri, na mace mai shekaru, kamar zai karye idan ta matsa. Babu wanda ya taɓa gaya mata yadda ƙirjin mutum yake a hannu. Ta danna a hankali, cikin ladabi, yadda ake taɓa babba. Ta ci gaba da dannawa tana ƙirgawa a fili, mata suna kewaye da ita suna addu'a, kowa da irin tasa.

Ba ta san tsawon lokacin da ta ɗauka ba. Hannun Inna Tabawa ne ya sauka a kafaɗarta.

"Bari haka nan, ɗiyata. Ta tafi."

* * *

Bayan an yi jana'iza a kan tudu, mijin marigayiyar, Baba Dogo, ya ƙetaro tunga. Dattijo ne mai furfura, ya zauna a bakin tabarma ya ajiye hularsa a gwiwa. Ya zo da kaza a ɗaure.

"Ta yarinyar ce," ya ce da Tabawa. "An ba ni labari. An ce ba ta daina ba sai da kika janye ta. Ko a babban asibiti abin da za su yi ke nan."

"Kwana ne ya ƙare, Dogo. Allah ya ba mu haƙuri."

"Amin. Kullum marigayiya tana maganar ɗiyarki. Ta ce in yarinyar ta gama, mu ma kan tudu mun samu namu." Ya ɗago ya dubi Yasira da ke tsaye a ƙofar ɗaki. "Na gode, ɗiyata. Ki riƙe karatun nan da kyau."

Yasira ta durƙusa ta amsa gaisuwa. Ta ɗauki kazar ta kai bayan ɗaki.

* * *

Ruwa ya fara ja da baya lokacin da saƙo ya zo daga kwaleji: kowane ɗalibi ya hallara da farar riga, masu tantance makarantu za su kawo ziyara.

Ta tarar an yi wa ginin sabon fenti. Malaman da ta sani da murya kawai suna ta kai da kawo, ta riƙa gane su ɗaya bayan ɗaya idan sun yi magana. An share wani ɗaki an jera gadaje, da abin awon jini, da farantan sirinji suna ƙyalli. A gadon tsakiya an kwantar da mutum-mutumin roba, rabin jiki, baki buɗe. Shugaban sashe, Malam Sadiq, ya kira ta gefe.

"Ke ce kan gaba a ajinku, ke za ki nuna musu farfaɗo da numfashi. Ki saki fuska. Kowa ya tambaye ki, kullum nan kuke gwaji."

"Malam, ai ban taɓa ganin..."

"Yasira, in suka rufe mu, takardar wa za ta lalace? Tawa?" Ya sassauta murya. "Ki taimaki 'yan uwanki."

Baƙin suka shigo, mai ɗaukar hoto na biye da su. Malam Sadiq ya yi bayani mai daɗi a kan yadda fasaha ta kai ilimi har tsibiran tafki, ya nuna Yasira a matsayin shaida. Aka tafa. Ta matsa gaban gadon, ta ɗora hannu bisa hannu, ta danna.

"Tsaya, 'yata."

Wata dattijuwa ce cikin baƙin, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, an gabatar da ita da Sista Susan. Ta ajiye jakarta ta zagayo bayan Yasira, ta miƙar mata da gwiwar hannu, ta turo kafaɗunta gaba.

"Ba da hannu ake yi ba, da nauyin jiki ne. Sauko masa gaba ɗaya. Kada ki ji tausayinsa."

Yasira ta sauke nauyinta. Ƙirjin robar ya nutse, ya yi ƙas.

"Yawwa. Kin ji wannan ƙarar? Sai kin ji ta sannan zuciya ke samun matsi. Ko haƙarƙari ya karye, ki ci gaba. Ƙashi yana ɗoruwa."

Yasira ta sake dannawa. Ƙas. Ta sake. Ba ta ɗago kai ba ta yi tambaya, a hankali, yadda su biyu kawai za su ji.

"Sista, idan mutum ya danna a hankali fa?"

"To kamar bai danna ba." Matar ta ɗan dube ta. "Amma ko an yi daidai, ba kowa ke dawowa ba. Me ya sa kika tambaya?"

"Sista, abinci na jira a ofis," in ji Malam Sadiq daga bakin ƙofa. Mai hoto ya ce Yasira ta ɗago ta yi murmushi. Ta ɗago. Hasken kyamara ya walƙa, baƙin suka fita.

Ita ba ta fita ba. Ta ci gaba da dannawa ita kaɗai a ɗakin, kafaɗunta suna hawa suna sauka, gumi na ɗiga daga haɓarta zuwa kan robar, har hannuwanta suka gane abin da kansu.

Bayan la'asar, motocin baƙi na barin harabar, sai wasu maza biyu suka shigo da dogon akwati. Ɗaya ya fara kwashe farantan sirinji, ɗaya ya tsaya a kanta yana jira.

"Malama, a ɗan ba mu. Aro ne, gobe ana buƙatarsa a wata makarantar."

Ta janye hannuwanta. Suka ɗaga shi ta kai da ƙugu suka kwantar, suka rufe murfin, suka fita da shi a kafaɗa. Ta bi su da kallo ta taga har suka tura akwatin a bayan a-kori-kura, tsakanin gadaje da aka kife ƙafafu sama.