Maiwar Assibi

Maazou wankin motoci yake yi a wani wurin sayar da tsofaffin motoci a titin High Point Road, can ƙasar waje, amma abin da ya fi daraja a gidansa ƙullin maiwa ne da bai cika tafin hannu ba.

Iri ne na gado. Shekarar da sojan Faransa suka biyo ta ƙasar Ƙonni suna ƙwace hatsi, mutanen ƙauyensu suka hana su ko zangarniya, suka cike rijiyoyi da ƙasa, suka tare su da kibau. Aka cinna wa garin wuta. Kakar babansa, Assibi, ta tsira da 'yan ƙwayoyi cuse cikin kitsonta. Tun daga nan gidansu ba su taɓa tsallake damina ba, sai bara da fari ya cinye gonar wansa Badaru. Wannan ƙullin da Maazou ya taho da shi don ƙamshin gida, shi kaɗai ya rage.

Da ruwan Yuni ya sauka, ya tona bayan gidan da suke haya a unguwar Pleasant Garden, ya shuka.

"Malam, duka za ka zuba?" in ji matarsa Mero.

"Ke 'yar birni, me kika sani a noma?"

"Na dai san ƙasar nan ba ta san kakarka ba."

Maiwa ta tashi kore shar, har ta wuce rufin ɗaki. In ya taso aiki sai ya shige cikinta ya tsaya, yana sauraren ganye kamar a gonar babansa. To amma maiwa sai yini ya gajarta take fid da kai, nan kuwa sanyi ba ya jira. Wata safiya ya tarar raɓa ta daskare, gonar ta yi baƙi, kawunan ba ƙwaya.

Ya zauna bakin ƙofa, ko aiki bai je ba. Abin da ya gagari bindigar Nasara, shi ya yi shi da hannunsa.

Mero ta ajiye masa shayi, ta cire ɗankwalinta, ta kwance wani ɗan ƙulli da ke bakin ɗankwalin. Ƙwayoyin ba su fi cikin cokali ba.

"Tun ranar shuka na ɗiba. Ba kai kaɗai aka ba labarin Assibi ba."

Ta juye masa a hannu. Ya shinshina, sannan ya tambaye ta:

"Wa zai je gida kafin damina?"

"Ɗantala mai tasi, bayan salla."

"A ba shi ya kai wa Badaru."

"Ko ƙwaya ɗaya ba za ka rage ba?"

Ya girgiza kai. Amma har shayin ya huce bai buɗe hannunsa ba.