Awa Guda a Aji Uku

Tana zaune a bakin ofis riƙe da takardar kira, sai masinja ya leƙo ya ce, "Malama, ki shigo."

Ta san laifinta. Shekara biyu ke nan kowace safiya takan ture manhaja gefe na awa guda, ta raba 'yan aji uku gwargwadon karatunsu: waɗanda ba su san baƙi ba a gindin allo, masu haɗa kalma a bakin taga, masu jimla a baranda. Sufeto ya taɓa ritsa ta, ya ba ta takardar gargaɗi. Yau kuma ga kira daga ma'aikatar ilimi. Mijinta ma da za ta fito cewa ya yi, "In sun kore ki, kya zo ki jera min kayan shago aji-aji."

A ciki ta tarar da Darakta, da sufeton, da wata siririyar mata mai tabarau. Ta gane ta, mai binciken jami'a ce da ta zo bara tana sa yara karatu ɗaya bayan ɗaya.

"Ranka ya daɗe," Malama ta ce tun ba ta zauna ba, "hedimasta ba shi da hannu. Ni kaɗai ce."

"To, madalla," in ji Darakta. "Mai hannun muke nema. Zauna."

Mai binciken ta turo mata takarda. "Makarantu arba'in muka gwada. A yawancinsu, cikin yara goma biyu ne ke karanta jimla. A ajinki bakwai ne. Na ɗauka kuskure na yi, na koma na sake. Daga nan muka sa malamai goma suka bi hanyarki zango biyu, su ma abin ya karɓe su."

"Mu kuwa kullum littafi muke canzawa," Darakta ya ce. "Ashe mun bar jaki muna dukan taiki. Daga baɗi awar nan za ta shiga jadawalin kowace firamare. Ke muke so ki horar da malamai."

Malama ta saki wata doguwar ajiyar zuciya, har kujerar ta yi ƙara. "Wato ba kora ba ce?"

Sufeto ya yi gyaran murya. "Ai ni tun ranar na ga alamar basira."

"Haka ne, yallaɓai," ta ce. "Har a rubuce ka ba ni."

Darakta ya duƙar da kai yana tarin da ba na mura ba.

"Zan yi," ta ce, "amma sai da rana, safiya ta ajina ce. Akwai yara uku da suka fara haɗa baƙi makon nan. In aka sauya musu fuska yanzu, an koma gidan jiya."

Darakta ya dubi mai binciken. Ta zaro biro ta miƙa masa.

"Rubuta wannan ma, ranka ya daɗe. Babu shi a rahotona."