Ɗanyar Kabewa a Ƙarƙashin Gada

Tayar baro ta sake faɗawa rami, ƙatuwar kabewar da ke can sama ta gangaro, Attarugu ta tare ta da ƙirji kafin ta kai ƙasa.

"Dogo, wai idon nan naka na ado ne? Wata uku muna renon kabewar nan, kai kuma kana neman fasa mana ita a kan titi!"

"To zo ki karɓi turin mana," in ji Dogo, yana share gumi da hannun riga. "Tun daga makaranta bakinki kaɗai ke aiki."

Sauran yaran suka kwashe da dariya. Su bakwai ne, duk 'yan aji biyar, ga Malamarsu ta kimiyya a baya riƙe da buhun alayyafo, tana ta faman cewa su matsa gefen hanya. Attarugu ta mayar da kabewar tsakanin kabeji da karas, ta dafa ta da hannu ɗaya, suka ci gaba. Shekarunta goma sha ɗaya, 'yar firit da ita, amma duk makarantar ba wanda bai san dalilin da ya sa ake ce mata Attarugu ba. Ko malamai sai sun shirya suke ja da ita.

Ita ce ta jawo wannan aikin. Wata safiya ruwan sama ya ritsa da ita a tashar bas da ke gefen gadar sama. A ƙarƙashin gadar ne marasa gida ke kwana a kan kwalaye, kuma uwarta ta sha ja mata kunne kada ta kuskura ta shiga wurin. Tana tsaye tana jiƙewa sai wata tsohuwa ta fito daga cikinsu da lema mai karyayyen ƙarfe biyu, ta riƙe mata a ka, ita kuma ruwa na dukan bayanta.

"Kaka, kin karya kuwa?" Attarugu ta tambaye ta, don ba ta iya shiru ba.

"Jiya dai na karya," tsohuwar ta ce.

"Wallahi wata rana sai na kawo miki abinci kin ci kin ƙoshi. Ke da duk mutanen nan. Na yi alkawari."

Tsohuwar ta yi murmushi. "Jikata, alkawari kam mun sha shi. Masu manyan motoci sun yi mana, masu ɗaukar hoto ma sun yi. Ga motarki nan, hau kada ki makara."

Maganar nan ta tsaya wa Attarugu a rai. Ta matsa wa Malama lamba har aka ba su filin bayan aji, inda ake jibge karyayyun bencina. Suka tsince duwatsu, suka roƙo taki wurin mai kiwon kaji. Ranar da famfo ya ɗauke, kowane yaro da gorar ruwa yake zuwa daga gida. Awaki suka cinye alayyafon farko tas, Dogo ya yi kuka har da majina, sannan ya tashi ya haɗa shinge da katakon bencinan. Yau Asabar suka yi girbi tun da sassafe, kuma zuciyar Attarugu fes take, don yau tsohuwar nan za ta janye maganarta.

A ƙarƙashin gadar akwai mutum kusan ashirin da biyar, wasu a kwance, wasu a jingine da ginshiƙai, motoci na ta rugugi a samansu. Tsohuwar, wadda kowa a wurin ke kira Kaka Mai Lema, tana zaune a kan kwalinta tana ɗinkin wani tsumma.

"Kaka, kin gane ni? Ga alkawarina nan na kawo!"

Kaka ta ajiye allura ta miƙe a hankali. Ta ɗaga kabeji ta auna nauyinsa a tafin hannu, ta shinshina tumatir, sannan ta ƙwanƙwasa kabewar da ɗan yatsa tana saurare.

"Ta nuna sosai. Wa ya noma muku?"

"Mu da kanmu!" yaran suka haɗa baki.

Mutane suka taso suka kewaye baron, amma ba wanda ya miƙa hannu. Can wani mutum mai dogara sanda, wanda suke kira Direba don motar haya ya tuƙa kafin ƙafarsa ta lalace, ya yi gyaran murya.

"Allah ya yi muku albarka, yara. Sai dai fa, da me za mu dafa?"

Attarugu ta waiga dama da hagu. Ga kwalaye, ga buhuna, ga robobin ruwa. Ba tukunya ko ɗaya, ba murhu, sai baƙin hayaƙi a jikin ginshiƙi inda a da ake hura wuta.

"An hana mu kunna wuta a nan," Direba ya ce. "Watan jiya ma'aikata suka zo da mota suka kwashe tukwanenmu kaf."

"To ai karas ana cin sa ɗanye," in ji Dogo.

Kaka ta buɗe baki ta nuna masa haƙoranta. Guda uku ne, kuma ba biyun da ke maƙwabtaka da juna. Mutanen wurin suka yi dariya, yaran ma suka ɗan taya su, ban da Attarugu.

Ta tuna jerin da suka rubuta a allo ranar farko: iri, taki, ruwa, shinge, girbi. Su bakwai da Malamarsu, ba wanda ya ce tukunya. A gidajensu tukunya tana nan kullum, kai dai ka kawo cefane ka ajiye, in an jima a kira ka ka ci. Malama ta sunkuyar da kai ta ce a hankali, "Laifina ne. Ni ya kamata in yi wannan tunanin."

Rana ta fara zafi. Alayyafon da suka tsinka yana sheƙi da safe har ya soma yaushi a bakin buhu.

"Ba komai, jikata," Kaka ta ce, ta dafa kan Attarugu. "Kin yi ƙoƙari. Ku bar mana tumatir ɗin, sauran ku kai wa iyayenku kada ya lalace."

Da zaginta tsohuwar ta yi, da ya fi mata sauƙi. Kunya da takaici suka taru suka rufe ta, hawaye ya zubo mata.

"Abin haushin ma," Direba ya ce, "ga gwanar girki a tsaye. Wannan da kuke gani, shekara ashirin da biyu ta yi a kicin ɗin asibiti. Abincin mutum ɗari uku take saukewa kafin azahar."

Attarugu ta ɗago kai. "Malama, babbar tukunyar makaranta! Wadda ake dafa mana abincin rana!"

"Yau Asabar ce, kicin a kulle yake."

"Makulli yana wurin Baba Maigadi. Kaka, taso mu je."

Kaka ta girgiza kai. "In na bar wurin nan, kafin in dawo wani ya shimfiɗa kwalinsa. Kin san wata nawa na yi kafin in samu gefen da ruwa ba ya feso wa?"

Direba ya ɗingisa ya je ya zauna daram a kan kwalinta, ya gitta sandarsa a kan jakarta. "Je ki, Yaya. Wanda ya isa ya zo ya tashe ni."

Baba Maigadi ya saurare su ta tsakanin ƙarafan ƙofa, ya dubi tsohuwar, ya dubi baron, ya ce a'a. Shugabar makaranta ta kafa doka, baƙo ba ya shiga harabar ranar da ba karatu. Malama ta kira shugabar har sau uku, wayar a kashe. Kaka ta juya za ta koma, kamar wadda ta saba da a rufe mata ƙofa.

Maganganu masu yaji suka cika bakin Attarugu. Ta san guda biyar da za ta yaɓa wa Baba Maigadi, har da batun barcin da yake yi a kan kujera. Ta haɗiye su duka, ta kama ƙarfen ƙofar da hannu biyu.

"Baba, don Allah. Na yi mata alkawari, ita kuma ta ce ba a cika musu. In ta koma haka, gaskiyarta ke nan."

Tsohon ya daɗe yana susar gemu. "Ke ce yau da don Allah? Lallai abin ya kai." Ya zaro makullai daga aljihu. "Baƙo dai ba zai shiga ba, ina son aikina. Amma ranar taron iyaye a nan waje ake ɗora tukunyar, gindin bishiyar nan. Dogo, biyo ni ka kama min."

"Ran Litinin ni zan yi wa shugaba bayani," Malama ta ce.

"Mu biyu za mu yi," in ji Baba Maigadi.

Aka fito da tukunya da murhun gas da wuƙaƙe da kwanoni. Malama ta leƙa shago ta dawo da mai da albasa da burodi, Baba Maigadi ya kawo gishirinsa. Kaka na tsaye ba ta taɓa komai ba. Ta daɗe tana kallon hannuwanta, sannan ta ce, "A ba ni sabulu."

Attarugu ta riƙa zuba mata ruwa. Ta wanke har gwiwar hannu, ta bi farce ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauraye, ta sake sabawa. Ta gyara ɗaurin kallabinta ta tusa gashinta ciki. Da ta juyo, muryarta ma ta canza.

"Kai dogon, wannan yankan albasa ne ko faskare? Ƙanana! Ku biyun can, ganyen nan ruwa uku za ku yi masa. Malama, rage wutar nan, ba gobara muka zo yi ba."

Malama ta rage wuta ba musu. Wuƙa a hannun Kaka har ba a ganin tashinta da saukarta. Ta fasa kabewar gida biyu, cikinta ja wur, yaran suka yi shewa. Attarugu ta kwashe 'ya'yan cikin da hannu ta nufi kwandon shara.

"Ke! Ina za ki da su?"

"Zubarwa, Kaka."

"Manoman ƙarya kawai. To baɗi me za ku shuka, duwatsu? Wanke min su ki shanya a kan tsumman nan."

Kabewa da karas suka dahu har suka narke, yadda ko marar haƙori zai sha, sannan aka zuba kabeji, alayyafo daga ƙarshe. Ƙamshi ya cika titin har masu wucewa na waige. Aka ɗaure murfin tukunyar da igiya aka ɗora a baro, kuma a komawar nan Dogo bai faɗa rami ko ɗaya ba.

A ƙarƙashin gada Kaka ce ta riƙe ludayi. Ta san wanda ba shi da lafiya, ta san mai shayarwa, ta san wanda zai ce ya ƙoshi don kunya. Ta zuba wa yaran ma, ta ce ba ta yarda manomi ya tsaya kallo ba. Sai da kowa ya samu ta kankare gindin tukunya a kwanonta, ta karɓi wurinta daga hannun Direba ta zauna.

Attarugu ta kasa cin nata. Ta tsuguna a gabanta tana bin kowane cokali da ido, har tsohuwar ta suɗe kwanon da guntun burodi.

"Kaka, kin ƙoshi?"

"Gishiri ya ɗan yi kaɗan," Kaka ta ce. Ta ajiye kwanon, ta goge ido da bakin kallabi. "Na ƙoshi, jikata. Rabona da riƙe ludayi shekara huɗu ke nan."

Daɗi ya kama Attarugu har ta rasa inda za ta sa kanta. Kaka ta kwance tsumman nan, ta raba 'ya'yan kabewar gida biyu. Ta zuba rabi a tafin yarinyar, ta ƙulle rabi a bakin zaninta.

"Waɗannan fa na mene ne?"

"Akwai wani ɗan fili a bayan ginshiƙin ƙarshe, rana tana samun sa da safe. An hana mu wuta, ban ji an hana mu shuka ba. Sai dai ba mu da fartanya."

"Ran Asabar za mu kawo! Wallahi, Kaka, na yi miki alka..."

Tsohuwar ta sa tafin hannu ta rufe mata baki. Hannun yana ƙamshin sabulu da albasa.

"Bar alkawarin. Ke dai ki zo."

"Yau na ga wanda ya rufe bakin Attarugu," in ji Dogo.

Ba ta rama ba. Ta zuba irin a aljihun rigarta, da sauran danshinsa, ta dafe aljihun da hannu ɗaya, ta jawo kwanonta da ɗayan ta fara ci.