Abin da Otilia Ta Ce

Ina tsaka da ɓare rogo a gindin tsani na ji bugun daga bayan gidan Don Abilio, tim, tim, tim. Na san ƙarar gizagonsa, shekara talatin ina jin ta yana sassaƙa kwalekwale. Wannan ba ita ba ce. Wannan kulkin matarsa Otilia ne a kan kututture, kuma Otilia watanta takwas ke nan a ƙasa.

Na ajiye wuƙa na ratsa ta cikin ayaba. Na same shi zaune a kan 'yar kujerarta, ya tuɓe riga, haƙarƙari duk a waje, yana dandaƙa guntayen ayawaska, itacen nan mai naɗe bishiya da muke ce wa igiya, wadda ake dafawa a sha don a ga abin da ke ɓoye. Ya saro ta daga jikin bishiyar da Otilia ta ɗora ta tun muna amare. Babbar tukunyarta, wadda ba a taɓa dafa abinci a ciki ba, tana kan murhu da ganye a gefe.

"Maƙwabci, me nake gani haka?"

"Abin da idonki ya nuna miki, maƙwabciya."

"Kai da ko tururinta ba ka tsayawa ka shaƙa? Ba kai ne kake ce mata ruwan wankin kada ba?"

"Shekara arba'in ina kallon yadda ake yi. Zama da maɗaukin kanwa..."

"Farin kai yake kawowa, Don Abilio. Bai taɓa mai da kowa falke ba."

Bai yi dariya ba, shi da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa. Ya share gumi da bayan hannu ya ce, "Yau kwanana takwas ba gishiri. Ba mai, ba sukari, ba giyar rogo. Dafaffiyar ayaba da ɗan kifi, shi ke nan. Yadda take sa mutane su kame baki kafin su sha, haka na yi. Yau in rana ta faɗi zan sha. Ina so in tambaye ta."

"Ka tambaye ta me?"

"Abin da ta ce."

Ni kaɗai na san abin da ta ce.

Otilia ita ce mai maganin ƙauyenmu. Tun daga birnin Contamana mutane ke hawo kogi su kwana a ɗakinta, ta ba su ƙoƙo ɗaya, ta busa musu taba, ta yi ta rera musu waƙa har gari ya waye. Ranar da ciwo ya kayar da ita, Don Abilio yana can saman kogi, tafiyar kwana uku, ya je janyo gungume. A cinyata ta cika. Yinin ranar kaf tambaya ɗaya take yi, ko ya dawo. Da yamma ta kama hannuna ta ce, "Celinda, ki ce wa tsohon kunkurun nan, tunda gungume ya fi ni a wurinsa, to ya aure shi. Kuma ki ce masa kada ya taɓa mini igiyata bayan raina. Ciwon zuciyarsa ba zai ɗauka ba."

Washegari ya iso da gungumensa ɗaure a bayan jirgi, ya tarar da mutane cike a ƙarƙashin gida, tsakanin ginshiƙan da ke ɗauke da shi. A cikin taɓo ya zauna. Da ya ɗago ya tambaye ni ko ta bar masa magana, sai na dubi fuskarsa na kasa. Na ce ba ta ce komai ba, barci kawai ta yi. Tausayi ne ya sa ni, Allah ya sani. Amma saƙon biyu a ɗaure suke wuri ɗaya, da na binne na farko sai na biyun ya bi shi.

Yanzu ga shi yana dandaƙa igiyar a gabana. Na shiga kewaye-kewaye.

"Bari a aika wa Don Meliton mai magani. Kwana biyu kacal ne a kogi. Shi ya san gwargwado, ya san waƙa."

"Ba na son baƙo tsakanina da matata."

"To wa zai yi maka waƙar? Ka taɓa jin wanda ya sha ba mai rera masa? Waƙar ce ke kai mutum, ita ce ke dawo da shi."

Ya nuna taga da haɓa. Tsohuwar rikodarsu ce a kai, da kaset ɗin da 'yarsu ta ɗauki muryar uwarta kafin ta koma Lima.

"Ita za ta yi mini. Ke dai ki zo ki riƙa juya kaset, in hannuna ya ƙi."

"Da tana nan ba za ta yarda ba."

"Da ba ta so, da ta faɗa. Ke kika ce ba ta ce komai ba."

Ya zuba mini ido. Maganar ta zo har bakina, na haɗiye ta. Wata takwas ina kai masa miya, ina duban idonsa, yau kuma in ce masa ƙarya na yi? Na juya na koma ga rogona, ban iya ɓare ko ɗaya ba.

Mijina Rosendo yana ɗinkin taru. Da na gaya masa, sai da na maimaita, don kunnensa ɗaya ya daɗe da yin ritaya.

"Abilio? Mutumin da ko shinkafa ya dafa sai ta kama? Ƙyale shi. Ruwan ɗumi zai haɗa, ya yi amai, ya kwanta. Gobe ya zo yana roƙon gishiri."

Na so in yarda da shi, sai na yarda. Amma yinin nan hayaƙi bai yanke ba daga bayan gidan, warin nan mai ɗaci ya shiga har cikin shanyata. Duk sanda na leƙa, yana tsugune yana iza wuta. Da la'asar na ce wa kaina, Celinda, kunya ba ta kashe mutum. Na ƙulle gishiri a bakin hankici, na tsinki lemun tsami ɗaya, don da su Otilia take buɗe wa mutane baki da safe. Na ce zan gaya masa kafin ya kai ƙoƙon baki.

Rana na shiga bayan itatuwa na hau tsaninsa. Yana zaune a daɓen katako ya jingina da ginshiƙi, sanye da farar rigar zuwa coci. Ƙoƙon yana gabansa a kife.

"Ka sha?"

"Na ga in na jira ki, tsoro zai riga ki zuwa. Biyu na sha, don na farkon kamar bai kama ba." Ya yamutse fuska. "Ashe ban yi mata ƙazafi ba. Ruwan wankin kada ne."

Na soke hankicin da lemun a ƙugu. Na zauna na danna rikoda. Muryar Otilia ta fito siririya, da kukan kwaɗin wani daren da ya wuce shekara goma a bayanta. Na ce a raina yanzu kuma ba lokacin magana ba ne, mutumin da ya sha ba a jefa masa abin tashin hankali. Haka na sake samun wurin ɓuya.

Da farko komai ya tafi yadda na saba gani. Ya yi hamma, ya ce ƙasa tana lilo, ya jawo roba ya yi amai. Na ji ɗan sauƙi, don mu nan wankin ciki muke ce mata, in ta fito ta yi aikinta. Na juya kaset. Sauro suna cizona ban ko kore su ba, idona na kan ƙirjinsa.

Sai na ga yana murza hannunsa na hagu. Gumi ya jiƙa farar rigar sharkaf, numfashinsa ya koma gajere.

"Don Abilio, ina ƙwayoyinka na asibiti? Ka sha na yau?"

"Suna cikin gwangwani."

Na ɗaga fitila na lalubo gwangwanin madarar a kan azara. Na buɗe. Takardar ƙwayoyin tana nan, layi guda cur ba a ɓalle ba.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na bar gishiri. Ta sha faɗa, maganin asibiti ba ya shiri da igiya. Sai na ajiye shi tare da sauran."

"Cewa take yi mai shan maganin kada ya sha igiya. Ba ta taɓa cewa a bar maganin ba."

Bai ji ni ba. Na ɓallo ɗaya na tura masa da ruwa, ko minti biyar ba ta yi ba ta dawo cikin roba. Na leƙa taga na ƙwala wa Rosendo kira har muryata ta dushe, kafin na ga fitila ta motsa a gidanmu. Na ce ya ɗaura wa kwalekwale inji.

Batirin rikoda kuma ya zaɓi lokacin ya fara mutuwa. Muryar Otilia ta yi nauyi, tana ja, ta koma kamar ta namiji, sannan ta tsaya. Ɗakin ya yi tsit. Don Abilio ya damƙi hannuna, yatsunsa sanyi ƙalau.

"Ga ta can a ƙetare," ya ce. "Tana wanki. Ta ba ni baya, maƙwabciya. Ina kira, ta ƙi juyowa. Ba ta magana." Jikinsa na rawa. "Fushi take yi. Shi ya sa ta tafi ba ta ce komai ba."

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Na durƙusa na kai bakina kunnensa.

"Ta yi magana. Ƙarya na yi maka. Yini guda tana tambaya ko ka dawo."

Ya daina rawa.

"Ta ce in gaya wa tsohon kunkurun nan, tunda gungume ya fi ta a wurinsa, to ya aure shi."

Kansa ya langaɓe. Na ɗauka na ƙarasa shi. Sai na ji wani abu yana fita daga ƙirjinsa, kamar tari, ashe dariya ce. Yana yi yana riƙe haƙarƙari, hawaye na bin kuncinsa.

"Ita ce," ya ce. "Wannan ita ce. Na san Otilia ba za ta mutu baki rufe ba. Matar da ko a barci faɗa take yi mini."

"Akwai saura. Ta ce kada ka taɓa igiyarta. Ta ce zuciyarka ba za ta ɗauka ba."

"To. Ta kuma yin gaskiya. Kada ki gaya mata."

"Da na faɗa maka da safe..."

"Da na ce kin ƙirƙira ne don ki hana ni." Ya ɗan matsa hannuna. Har yau ban sani ba ko gaskiya ya faɗa, ko shi ma tausayin ne ya sa shi.

Ni da Rosendo muka sauko da shi a cikin ragar kwanciyarsa, muka shimfiɗa shi a kwalekwalen da shi ya sassaƙa mana. Awa huɗu ne zuwa asibitin Contamana da rana. Kogi ya kawo, gungumai na yawo a duhu, dole Rosendo ya rage gudu, ni ina haska masa da hannu ɗaya, ɗaya hannun a kan ƙirjin Don Abilio. Duk kwanar da muka sha sai in ƙirga saura nawa. Wani lokaci ya yi surutai da mutanen da ba na gani, wani lokaci ya yi shiru har sai na girgiza shi.

Da gabas ta fara fari idonsa ya washe. Ya dube ni sosai, ya gane ni.

"Gari ya waye?"

"Ya kusa. Saura kwanar kogi biyu mu sha, mu hango gari. Ka daure."

"Kin zo da gishirin?"

Na kwance bakin hankici. Lemun ya faɗa wani wuri a hanya. Na dangwalo da yatsa na ɗora masa a harshe, yadda na ga Otilia tana yi wa ɗaruruwan mutane. Ya rufe baki yana tsotsa a hankali.

"Ashe haka yake da daɗi," ya ce.

Rosendo ya tambaya daga baya me ya ce. Na juya na ɗaga murya na maimaita masa. Da na juyo, ƙirjin da ke ƙarƙashin hannuna ya daina motsi.

Ban yi kuka nan take ba. Na ce wa Rosendo ya kashe inji. Bai ji ba, sai da na yi masa alama da hannu. Jirgin ya yi ta tafiya shi kaɗai na ɗan lokaci, sannan ruwa ya juya masa kai. Daga nan muna iya hango rufin kwanon gidajen Contamana.

Mun binne shi kusa da ita. 'Yarsu ta zo daga Lima ta kwana uku, ta tafi da rikodar. Ta tambaye ni ko babanta ya bar magana, na gaya mata duka, har da kunkurun, har da abin da na ɓoye. Ta daɗe tana kallona, sannan ta tashi ta shiga haɗa kayanta.

Bayan mako guda na ratsa ta cikin ayaba don in wanke tukunyar, tunda ba mai yi. Ruwan sama ya cika ta har baki, ganye na yawo a kai. Na tuntsurar da ita a gindin bishiyar, na goge cikinta da toka, na kife ta a kan kututture. Kulkin yana nan inda ya ajiye shi, tsohuwar rigarsa ta aiki tana rataye a reshe, ta jiƙe ta bushe ta sake jiƙewa. Na sauke ta na ninke.