Taki Uku a Gindin Tudu

A Karofane ta da, shekarun yaƙin Jamus, lokacin da sukari da ashana sunka ɓace daga kasuwar Buza, an yi wasu taubasai biyu, Kalla da Mutari. Uban Kalla da uwar Mutari ciki ɗaya ne. Gonakinsu a manne suke gindin tudu, gadon kaka guda, jerin duwatsu da 'yan tushen gamba kawai ke tsakani. Kowannensu cewa yake ɗayan bawansa ne, har sunka yi furfura ba a raba wannan gardama ba.

Kalla mutum ne da ba a taɓa ganin fushinsa ba. Ranar da gardin kumandan ya zo kwasar mutane aikin hanya ya kaɓe masa hula da bulala, ɗauka ya yi ya kakkaɓe, ya tambayi gardin lafiyar iyali. Shi kuwa Mutari baki ne da shi kamar barkono. Sau uku yana tahiya cin rani Jos haƙar kuza, abin da ya komo da shi kwat guda, akwatin ƙarfe, da zagin Ingilishi da ya kwaso a bakin helma, shugaban lebura.

Wata kaka, da hantsi, suna ɗaurin damma kowa a gonarsa, Mutari ya ji kururuwar Dela matar Kalla. Ya tsallake duwatsun a guje. Gamsheƙa ce ta kwanta cikin tarin gero, ta sari Kalla a ƙwauri ta sulale. Kalla na zaune yana duban wurin kamar ƙaya ce ta soke shi. Mutari ya warware rawaninsa ya ɗaure ƙafar tam a saman gwiwa, ya kama jaki, sunka ɗora shi. Mai maganin maciji a wannan yanki wani tsohon Bafillace ne, Bakari, rugarsa na bayan tudu, tahiyar da ba a isa sai azahar. Kowa kuma ya san ƙa'ida a lokacin: wanda maciji ya sara ba a barin shi ya runtsa. In kwana ya ɗauke shi a hanya, gawa za a kai.

Ba su wuce rijiyar bakin gari ba kan Kalla ya fara rinjaya. Dela na riƙe da shi ta gefe guda tana shafa bayansa.

"Sannu maigida. Sannu. Allah shi kawo sauƙi."

"Ke Dela, bar wanga sannu," in ji Mutari. "Jinjiri kike lallashi? Kwana za ki sa shi. Kai bawana, buɗe ido. Haka za ka mutu ka bar ni ba mai ɗaukar mini takalmi?"

Kalla ya yi murmushi, idon na rufewa. "To, ubangidana."

Mutari ya shiga tsokana. Ya zagi kunnuwansa, ya zagi hancinsa, ya ce tun suna yara 'yan mata ke kada shi kokawa. Ya ce jakin ya fi shi kyan gani. Kalla sai "Haka na" yake cewa, muryar na ƙara nisa. Da na Hausa sunka ƙare, Mutari ya buɗe jakar Jos. Ya tsaya gaban jakin ya kumbura wuya kamar helma.

"Bulodi ful. Lezi man. Yusiles. Sharap, gerawut."

A bakin ramin kuza waɗannan kalmomi sun sha sa ƙatti jefar da kwano su yi kan mai faɗinsu. Nan kuwa Kalla ya ɗan buɗe ido guda.

"Wanga karatu da daɗi. Ƙara mini, kamar waƙa."

Ya kifa goshi a wuyan jaki. Yawu ya fara zubo masa. Dela ta dubi Mutari. Ba su ko fara hawan tudun ba. Shekara arba'in yana neman abin da zai harzuƙa mutumin nan don wasa bai samu ba, yau ga shi rai ne ke kai.

Sai ya sassauta murya, ya daina wasa, ya matsa kusa da kunnensa.

"Kalla, tunda tahiya za ka yi, bari in sauke nauyi. Iyakar nan ta gindin tudu. Shekarar fara, da kat tahi Madawa neman dawa, na matsa duwatsun taki uku cikin gonarka. Na cire gambar na sake dasawa. Tun sannan nike cin wurin."

Jakin ya yi taku kamar goma.

"Mi kac ce?"

"Taki uku. Wajen da ƙasa ta fi baƙi."

Kalla ya ɗago kai. "Inda babana ya shuka magarya?"

"Ai magaryar cikin gonata take yanzu. Ba ka lura ba? Shi ya sa nike ce maka wawa."

Abin da Dela ta gani ba ta taɓa gani ba tun da anka kawo ta gidan. Idon mijinta ya yi ja. Ya kai wa Mutari duka, hannun ba ƙarfi, ya kusa faɗowa. Ya kira shi ɓarawo, ya kira shi maci amana, ya ce ɗan mace dama bai san darajar ƙasar kakansa ba. Mutari kuwa duk sa'ad da ya ga wutar na lafawa sai ya ƙara kara. Ya faɗi dami nawa ya samu a wurin bara. Ya ce da geron nan anka yi furar sunan ɗansa, Kalla ya sha har ya roƙi ƙari. Ya ce in an binne Kalla gobe zai ƙara taki uku. Haka sunka hau tudun sunka gangara, Kalla na zagi harshe na sarƙewa, har karnukan ruga sunka taryo su. Bakari ya tsaga wurin ya ɗura masa jiƙo, Kalla na cikin amai yana nuna Mutari da yatsa.

Kwana tara ya yi a rugar. Da ya komo, da sanda, bai zauna karɓar barka ba, ya wuce ƙofar Maigari ya kai ƙara.

Mutari ya yi dariya gaban dattawa. Ya ce ƙarya ce ya shirya a hanya don kada bawansa ya yi kwana. Anka tambayi Dela. Ta ce ita dai ta ji shi ya ambaci shekara, ya ambaci magarya, har da yawan damma, kuma bai yi kama da mai wasa ba. Maigari ya ce abu mai sauƙi ne, Mutari ya dafa Alƙur'ani ya rantse bai taɓa motsa dutse ko ɗaya ba. Nan dariyar ta tsaya. Labarin ƙarya ne, wannan ya sani. Amma wane manomi ne a Adar zai rantse hauyarsa ba ta taɓa ture dutsen iyaka ba cikin shekara talatin? Mutari ya dubi Littafin ya janye hannu.

"A ba shi," ya ce.

Washegari da safe Kalla ya zo gonar yana ɗingishi, ya auna taki uku, manya-manya, ya shiga mirgina duwatsu ɗaya bayan ɗaya, bai yarda kowa ya taimaka masa ba. Mutari na zaune kan tarin kara yana cusa taba a baki. Yana kallon ƙasar da ta fi kowace albarka a gonarsa tana fita hannunsa, yana kallon zufa na gangarowa a wuyan taubashinsa.

"Jerin ya karkace, bawana," ya ce. "Ko sata ba ka iya ba."

Kalla bai juyo ba. "In ka ƙara magana zan kai shi huɗu."