Allura a Kabad ɗin Inna

Loma uku Malama ta yi, leɓenta ya cika kamar an hura shi. Borin jini ya feso mata a wuya, maƙogwaronta ya fara tsukewa.

Inna, uwar mijinta, ta ci gaba da cin abincinta, ta ce ai cokali ɗaya tak na gyaɗa ta zuba a miyar, don jikin ya saba. Shekara biyu Malama tana gaya musu likita ya gwada ta, ya ce gyaɗa na iya kashe ta, shekara biyu suna kiran abin iyayin 'yan boko.

Nan take falo ya koma asibiti. Goggo da Kawu, da ake cin abincin tare da su, suka zama likitoci. Goggo ta ce ciki ne, ta fara murna. Kawu ya ce a ɗura mata madara. Malama ta nuna jakarta, inda allurar gaggawa take zama. Maigidanta ya zazzage ta, babu komai sai alli da jan biro.

Inna ta ce ita ta adana allurar. Abu mai tsada ba ya yawo a jaka. Tana cikin kabad tare da farantan baƙi, makullin kuwa tun jiya ake nema.

Ga allurar nan ana hangowa ta gilashi, a kwance cikin kofin shayi mai bakin zinare. Maigidan ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Inna, ko in ɗan fasa ta gefe?"

"Fasa mana. Ka ga ko ni na haife ka."

Malama ba ta da numfashin gardama. Ta cire takalminta mai tsini ta maka wa gilashin, ta zaro allurar ta danna a cinya ta saman zane. Iska ta fara shiga da ƙyar, tana fito kamar buta a wuta.

* * *

A asibiti, likita ya ce sai Malama ta kwana, don abin yakan dawo bayan ya lafa. Ya zaunar da Inna ya yi mata bayani dalla-dalla: wannan ba ya sabo, ƙwaya ɗaya ta isa, kuma allura ba ta rabuwa da mai ita. Inna ta saurara da ladabi, tana gyaɗa kai. Da ya miƙe ta bi shi har ƙofa, ta rage murya.

"To likita, rabin cokali fa?"

Malama ta juya fuskarta bango, ta tura sabuwar allurar cikin rigarta.